Jan Sarin Sornam da Shayi Ba Suga

"Ɗaga hannunki, ke! Zai taɓa ƙasa!"

Rukumani ta ɗaga hannu. Zanen bai ma kusanci ƙasa ba, kuma ko da ya taɓa, ƙasar an goge ta tun da safe, an shimfiɗa tabarma, an ɗora farin zanen gado a kan tabarmar. Duk da haka ta ɗaga. Duk wanda ya shekara goma sha biyar ƙofarsa na kallon ƙofar tsohuwa Periyamma Sornam, wato Iya Babba, a hawa na uku na dogon benen nan na unguwar Buntong, ya san gardama da ita ɓarnar yawu ce.

"Kin wanke hannu kuwa?"

"Na wanke, Periyamma."

"Da sabulu?"

"A gabanki fa na wanke."

"To ni ƙaurin albasa nake ji."

"Mutanen ƙasa ne suke suya."

"Rufe taga mana! A'a, kar ki saki zanen! Ke wai ina kika bar hankalinki? Kana ji? Tashi ka rufe tagar nan."

"Kana ji" shi ne mijinta, Periyappa Dorasami, tsohon direban jirgin ƙasa. Sama da shekara hamsin da aurensu ba ta taɓa kama sunansa ba, har yaran benen suka ɗauka sunan da aka raɗa masa ke nan. Ya ajiye jaridarsa, ya ja ƙafa ya rufe tagar, ya dawo ya zauna.

Zanen da ake wannan bidiri a kansa sarin aurenta ne, dogon zanen nan da matansu ke naɗawa daga ƙugu zuwa kafaɗa. Ja ne mai duhu kamar zoɓon da ya ji wuta, siliki mai nauyi saƙar garin Kanci, bakinsa faɗin tafin hannu duk zaren zinariya, ga ɗawisu a jere a gefen da ake yafawa a kafaɗa. Ubanta ne ya sa aka kawo shi ta jirgin ruwa. Ta ɗaura shi ranar aurenta, daga nan ba ta ƙara ba. Amma duk bayan 'yan watanni, ranar da babu hadari, sai an fito da shi daga kabad, a warware tsohon farin zanen auduga na Dorasami da aka naɗe shi a ciki, a kakkaɓe busasshen ganyen darbejiya, a bar shi ya sha iska a inuwa, sannan a sake ninke shi ta wani layi daban. Siliki in ya daɗe a ninki ɗaya, a nan yake karyewa ya tsage. Wannan kam gaskiya ne, kuma Rukumani ba ta bukatar a koya mata, don ɗaura wa amare sari ita ce sana'arta.

Ninkin sai mutum biyu. A da 'yar tsohuwar ce, Tamarai, take riƙe ɗaya gefen. Da ta bi mijinta suka koma can Johor, aikin ya gangaro kan maƙwabciya. Laifin Rukumani ɗaya ne: makon da ta tare a benen ta karɓi kwanon miyar kifi daga hannun tsohuwar, ta kuwa cinye tas har da lashe cokali. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

"Periyamma," in ji ta, suna haɗa gefe da gefe, "ga bikin fitilu na Dipavali ya matso. Ki bari na ɗaura miki shi sau ɗaya mana, ki je haikali mutane su gani."

"Su ga me? Su zuba masa ido, su goga masa man kai, yara su taɓa min shi da hannun alewa? Ke kuma ki huhhuda min shi da fil ɗin nan naki, kamar yadda kike yi wa amaren zamani?"

"To ki ajiye wa jikarki. Ba baɗi ne aurenta ba?"

"Uwarta ta saya mata nata. Wannan nawa ne. Da shi na shigo gidan mutumin nan, da shi zan fita."

Babu wanda bai san wannan maganar ba a benen, daga hawa na ɗaya har na ƙarshe. Macen da ta riga mijinta mutuwa amarya ake mayar da ita: kurkur a fuska, jan ɗigo a goshi, furanni a gashi, sarin aurenta a jiki, mata na layi suna taɓa ƙafarta don su sami irin sa'arta. Wadda mijinta ya riga ta kuwa farin ƙyalle ne rabonta, ba fure ba ja. Sornam tana budurwa ta ga an fita da uwarta cikin farin ƙyalle, ta kuma rantse ba da ita ba. Saboda haka tun ranar da likita ya ce Dorasami na da ciwon suga ta ɗaura ɗamarar hana shi mutuwa. Shayi ba suga. Shinkafa ludayi ɗaya. Ruwan garafuni kofi guda kowace safiya, tana tsaye a kansa har sai ta ga gindin kofin. In an je biki aka raba kayan zaƙi, ita ke karɓe nasa ta tura a jaka ta kawo wa yaran maƙwabta.

"Ba don ina son ka ba ne," haka take gaya masa, ko a gaban wa. "Kar dai ka kuskura ka riga ni."

Shi kuma ya ce, "To."

Abin yana ci wa Rukumani rai ba kaɗan ba. Sari nawa ne ya bi ta hannunta? Na haya, na aro, na masu kuɗin da ke zuwa daga Kuala Lumpur da mai ɗaukar hoto. Ba ta taɓa riƙe mai kama da wannan ba. Yanzu ko kana da kuɗin ma ba a saƙa irinsa. A ce wannan abu ana lallaɓa shi, ana ba shi iska, ana kore masa asu, ana karya mata baya a kansa shekara da shekaru, duk don a miƙa wa wuta ta lashe ranar da za a ƙona gawarta, yadda al'adarsu take! In ba aikin baban giwa ba, mene ne wannan? Sau da yawa takan koma ɗakinta tana tsaki, ta ce wannan karon shi ne na ƙarshe. Bayan wata uku a ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta tashi ta wanke hannu da sabulu.

A wannan ranar da suka gama, tsohuwar ba ta tashi ta mayar da ƙunshin kabad da kanta ba, kamar yadda ta saba. Ta zauna a bakin gado tana haki, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifa. Ta cafke wuyan hannun Rukumani ta ɗora a kan ƙunshin.

"Rantse."

"Da me kuma?"

"Ke za ki ɗaura min shi. Ba matar da masu akwatin gawa suke kawowa ba, ita naɗe mutum kawai take yi kamar kifi a jarida. Tattarar ta fito daidai, ɗawisun su zauna a ƙirji. Kuma ba fil. Ko ɗaya."

"Periyamma, wa ya ce miki yau ko gobe ne? Ke da za ki binne mu duka."

"Rantse na ce!"

"Na rantse. Sakar min hannu, ina da amarya tana jira."

Dipavali ya zo ya wuce. Ba a gama share ɓawon abin wasan wuta daga baranda ba Sornam ta faɗi a kicin, da ludayi a hannu. Aka kai ta asibiti, likitoci suka ce zuciyar ta gaji, bayan 'yan kwanaki suka ce a mayar da ita gida ta huta, irin hutun da kowa ya gane. Tamarai ta zo ta yi kuka, ta sayi magunguna, ta cika firij, sannan ta koma bakin aiki da alkawarin dawowa ƙarshen mako.

Da ma abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma Dorasami, da yake ba mai tsaye a kansa, kullum sai ya fita jiran bas ɗin asibiti ba laima, ruwa ya yi ta dukansa. Ranar da aka dawo da matarsa shi kuma ya kwanta da zazzaɓi da tari mai fita daga can ƙasan ƙirji. Aka yi da shi ya tafi asibiti, ya yi mursisi. Karo na farko ke nan da aka ce masa yi, bai ce to ba.

Sai ga gadaje biyu a gida ɗaya: ita a uwar ɗaki, shi a falo kan doguwar kujera, labule ne kawai a tsakani. Tsakanin su biyun kuwa Rukumani ce ke zarya da kofi da cokali da tsumma. Ta fasa aikin amare biyu. Ta bar nata ɗakin ba shara. Ita da ba 'ya ba, ba jika ba, ba ko dangin nesa ba, ƙofa ce kawai ta haɗa su.

Tsohuwar ba ta taɓa tambayar jikinta ba. Da ta buɗe ido tambayarta ɗaya.

"Ya ci abinci?"

"Ya ci."

"Ƙarya kike, ban ji ƙarar cokali ba. Ya sha maganin?"

"Ya sha."

"Fari ko ruwan ɗorawa? Farin ba a sha sai an ci abinci. Ke kashe min shi za ki yi."

"Periyamma, ke fa kika fi shi jin jiki. Buɗe baki ki sha kunun nan."

"Gishiri ya yi yawa."

"Ba ki ma ɗanɗana ba!"

"Daga nan nake jin sa."

Rukumani ta dire kofin, ta fita baranda ta tsaya tana kallon kayan shanyar mutanen ƙasa har zuciyarta ta sauka. Sannan ta dawo falo, ta tarar tsohon ya ture kwanonsa gefe.

"Periyappa, buɗe baki. In ka mutu ka bar ni da matar nan, ba zan taɓa yafe maka ba."

Ya sha cokali biyu. Ya ɗago jajayen idanunsa, ya rage murya don kar a ji a ciki. "'Yar nan, bakina ɗaci. Akwai madarar gwangwani a firij, Tamarai ta saya wa baƙi. Ɗan cokali ɗaya a shayi."

"Ba za ka sha ba."

"Rabin cokali."

"Ko ƙanshinta. Suganka ya hau ka sume min a nan, na ce wa wa?"

Ya daɗe yana kallon ta. "Ke ma?" in ji shi, ya juya fuska bango.

Ita ma sai da ta ji kunyar kanta. Ga ta nan tsaye a kan tsoho da kofi a hannu tana jiran ganin gindinsa, har da riƙe ƙugu. Shekara goma sha biyar tana jin haushin wannan hali, yau ga shi ta wayi gari da shi a jikinta.

Ranar da ta fi kowace muni tarin ya koma wani irin gurnani, numfashinsa na fita da ƙyar, har mai maganin unguwa da aka kira ya girgiza kai a bakin ƙofa. Sornam tana ji ta bayan labule. Ta yi ƙoƙarin tashi, ta kasa.

"Je ki duba. Yana numfashi?"

"Yana yi."

"Faɗa masa ya jira. Kullum shi da gaggawa. Ranar aurenmu ma ya riga kowa zuwa haikali, ya zauna kamar mai gadi."

Rukumani ta leƙa falo. "Ka ji abin da ta ce."

Ya buɗe ido ɗaya. Sai da ya tattara numfashi sannan ya ce, "Faɗa mata, duk shekarun da na yi a jirgi, ban taɓa tashi ba a ɗaga min tuta ba."

Ta koma ta faɗa. Tsohuwar ta taɓe baki. "Surutu," in ji ta, amma ta saki gefen zanen gadon da ta damƙe.

Zazzaɓin ya sauka washegari. Bai warke ba, ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi, sai dai gurnanin ya ragu. Ita kuwa ta daina faɗan gishiri, wannan ne ma ya tsorata Rukumani fiye da komai. Da hantsi, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan kabad, ana jin mai sayar da burodi yana busa ƙahonsa a ƙasa. Rukumani na ɗiga mata ruwa a baki da cokali, sai ta ture cokalin. Ta juya kai wajen labulen.

"Kana ji?"

Muryar ba ta fi ta sauro ba. Rukumani ta tabbata ba za ta kai falo ba, har ta yunƙura za ta je ta isar da saƙon. Sai ga tari daga can, sannan amsa.

"Ina ji."

"To," in ji Sornam. Ta gyara kwanciya, ta lumshe ido. Kafin mai burodin ya bar layin ta cika.

Rukumani ta zauna da cokali a hannu. Ta ɗauka in ranar ta zo sauƙi za ta ji. Abin da ta ji shi ne haushi mai zafi: matar nan ta yi nasara, ta tafi ta bar mata sauran aikin. Sai da ta je rufe mata baki hawayen suka zo, ta kuwa yi su sosai.

Kafin yamma an kafa rumfa a filin ajiye motoci, an jera kujeru, a ɗaki an kunna fitilar mai a wajen kan gawar, an rufe madubi. Tamarai ta iso da mijinta da 'yarta, ta faɗi a bakin ƙofa tana kiran uwarta. Mata suka cika gidan, masu kuka da gaske da masu duba kayan ɗaki.

Washegari da safe aka yi wanka. Tsofaffin matan benen suka zuba ruwa, suka shafa mata kurkur har fuskar ta yi ɗorawa shar, suka taje farin gashin. Saura sutura. Rukumani ta nufi kabad, sai Tamarai ta riƙo hannunta ta ja ta kicin. Idanunta sun kumbura. A hannunta akwai leda ta shagon tufafi.

"Akka, duba wannan," in ji ta. Haka take kiran Rukumani, wato yaya.

Jan sari ne sabo fil, yana ta ƙyalli, irin na roba da ake jerawa a bakin shago.

"Na mene ne?"

"Akka, ke ma kin sani. Wancan in ya shiga wuta shi ke nan. Ba ni da komai nata, sai tukwane da kwalaben magani. Ina so 'yata Nila ta sa shi ranar aurenta, ta ba 'yarta. Ina laifi a nan? Ja ne wannan ma. In aka lulluɓe ta da furanni wa zai bambance?"

"Alkawari na yi mata."

"Ta tafi, Akka. Ba ta gani. Ke da kanki sau nawa kika ce min a waya ɓarna ce?"

Ta faɗa kuwa, ba sau ɗaya ba. Da ma mugun abu Tamarai ta nema, da ƙin yarda ya zo da sauƙi. Amma maganar da take yi ita ce maganar da Rukumani ta shekara goma sha biyar tana yi wa kanta. Ta hango Nila cikin jan silikin nan, ta hango hannunta yana tsara tattarar, ɗawisun na sauka daga kafaɗar yarinya mai rai, mai tafiya, mai dariya. Bayanta na ciwo, rabonta da barcin kirki ta manta. Matar ta samu abin da take so ai: ta riga shi, ga kurkur, ga furanni. Ta miƙa hannu ta karɓi ledar.

A uwar ɗaki ta yage ledar ta zazzage zanen. Matan suka kalli juna kawai, gidan mutuwa ba wurin tone-tone ba ne. Zanen sulɓi gare shi, da ta tsara tattara sai ta zame, ta sake ta zame. Irin wannan ba ya zama sai da fil. Ta kai hannu wuyanta, inda take maƙale su a jikin sarƙa kamar kowace mace, ta ɓalle ɗaya ta sa a baki.

Sai aka ɗaga labule.

Periyappa Dorasami ne, mutumin da jiya ma sai da aka riƙe shi ya je banɗaki. Yana tsaye da ƙafarsa, kafaɗa jingine da bango, ƙirjinsa na hawa da sauka. Matan suka yi caa.

"Wayyo, Periyappa, ba a gama ba!"

"Maza ba sa shigowa yanzu!"

Ko kallon su bai yi ba. Ya dubi jan abin da ke hannun Rukumani, ya dubi fil ɗin da ke bakinta. Ya bi bango har kabad, ya buɗe, ya ɗauko farin ƙunshin da hannu biyu, ya ajiye a ƙafar gadon.

"Appa," in ji Tamarai, "zauna na yi maka bayani."

"Na ji bayanin. Kicin ɗin nan ba shi da ƙofa." Ya tsaya ya yi tari. "Tamarai, ranar aurenki kowa ya ci alewar laddu, ni kokwamba aka ba ni. Ranar da aka haifi 'yarki an raba alewa har ga masu gadi, ni ruwan garafuni na sha. Shekara talatin ina shan shayi kamar ruwan wanke tukunya. Kin ɗauka tsoron mutuwa nake? Satin nan ma hanya ta buɗe min, na gan ta sarai, ga ta da sauƙi. Na ƙi. Ba don lafiyata na yi ba. Don wannan na yi." Ya ɗora hannu a kan ƙunshin. "Ku ɗaura mata abinta."

"Appa, ƙonewa fa zai yi!"

"Na sani. Ita ma ƙonewa za ta yi, ta kuwa fi shi tsada."

Tamarai ta toshe baki da gefen mayafinta. Rukumani ta cire fil ɗin daga bakinta, ta rasa inda za ta sa shi, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Mijin Tamarai ya zo ya tallafi tsohon ya mayar da shi falo.

Rukumani ta fita ta wanke hannu da sabulu. Ta dawo ta warware ƙunshin, ganyen darbejiya ya zube a tabarma.

"Kama can," ta ce wa Tamarai, ba ta dube ta ba.

Tamarai ta kama. Hannunta bai manta ba, nan da nan ta sami gefen, ta ja shi daidai yadda aka koya mata tana yarinya, tana yi hawaye na ɗiga, tana kau da kai don kar ya sauka a kan silikin.

Ɗaura wa mai tsaye sari aiki ne. Ɗaura wa wadda ke kwance, ba ta ɗaga hannu ba ta juyawa, kuma ba fil, wannan azaba ce. Sai da mata uku suka riƙa ɗaga ta suna juyawa. Rukumani ta durƙusa tana tsara tattara a kan yatsunta, ta soke a ƙugu, ta duba ta ga ɗaya ta fi 'yan uwanta tsawo, ta zare ta sake. Gumi ya jiƙa mata riga.

"Ko yanzu sai kin wahalar da ni," take faɗa ƙasa-ƙasa. "Kin ji daɗi? Ga shi nan, ba fil. Ki tashi ki ce ya karkace mana."

Silikin da kansa ya taimake ta. Nauyinsa ya sa duk inda aka kwantar da shi nan yake zama, kuma duk tsawonsa babu layi ɗaya da ya karye. Ta jawo gefen kafaɗar ta shimfiɗa a ƙirji, ta gyara har ɗawisun suka jeru. Aka sa jan ɗigo a goshi, aka sa farin fure a gashi, aka zura awarwaro. Rukumani ta ja da baya tana riƙe da ƙugu.

Karo na farko ke nan da ta ga zanen a jikin mutum. Ƙaramar tsohuwar nan mai faɗan gishiri ta koma wata iri, sai ka ce yanzu za a buga ganga a shigo da ango. Matan da suka zo duba kayan ɗaki ma ita suka zuba wa ido. Ashe matar ta san abin da take yi, wannan ne kuma ya fi komai ba Rukumani haushi.

Aka sauke ta ƙasa da rana tsaka. Mata suka yi layi suna taɓa ƙafarta, har da waɗanda ba su taɓa shiri da ita ba. Dorasami bai iya bin mota zuwa wurin ƙonawa ba. A kujera aka zaunar da shi a baranda, ya leƙa ta tsakanin ƙarafa yana kallon jan har aka rufe akwatin.

Gidan makoki ba a ɗora tukunya, maƙwabta ke kawowa. Bayan kwana biyu da yamma, baƙi sun ragu, Tamarai ta fita sallamar masu rumfa, Rukumani ta shigo da kofin shayi. Ta zuba madarar gwangwani cokali biyu cike, ta juya sosai. Ta ajiye a gabansa.

"Sha. Ba mai hana ka."

Ya ɗauka, ya shinshina, ya kurɓa. Ya riƙe a baki jim kaɗan kafin ya haɗiye. Ya yamutsa fuska.

"Ya yi zaƙi da yawa."

"Periyappa! Kai fa ka yi ta roƙo na!"

"Ya yi yawa," in ji shi, ya ture kofin gefe.

Ta buɗe baki za ta yi masa tas, sai ta ga ba ita yake kallo ba. Farin zanen audugar nan ne, wanda ake naɗe sarin a ciki, wani ya dunƙule shi ya jefa a kan doguwar kujera tun ranar, har da ragowar ganye a jiki. Tsohon ya jawo shi, ya kakkaɓe, ya lalubo kusurwa biyu. Ya miƙe da ƙyar, ya miƙa mata ɗaya gefen.

Tsohon ƙyalle ne, ya sha wanki har ya yi shara-shara, ba abin da zai same shi ko an taka. Rukumani ta goge hannu a jikinta ta karɓa. Suka ja baya har ya miƙe a tsakaninsu, tsakiyarsa ta ɗan yi ƙasa. Ba wanda ya ce mata zai taɓa ƙasa. Ta ɗaga hannu.